Ƙofar Nasara ta Tarabulus da Ginin Ƙasa na Hausa

Matasan Rumbu da sauran karkarar Dakwaro ta jihar Maraɗi da ke zuwa ci-rani Libiya, idan rabo ya kai su tsohon garin Tarabulus, sukan gifta wata ƙofar dutse kusa da bakin teku wadda ta girmi zuwan Musulunci da fiye da shekara 400. Rumawa suka gina ta wajen shekarar 165, lokacin da ake kiran garin Oea, don murnar galabar da sarki Markus Awureliyus da abokin sarautarsa Lusiyus Ferus suka samu kan daular Fartiya ta ƙasar Farisa. Ba ta jikin ganuwa, ba ta da ƙyaure. A mahaɗar manyan tituna biyu aka kafa ta da fuska huɗu, kuma wani babban mutumin garin ne ya biya kuɗin daga aljihunsa.

Akan ce ta daɗe ne domin da marmara aka yi ta. Tarihin yankin bai goyi bayan haka ba. A Labda, garin Rumawa da ke gabas da Tarabulus, marmara ce ma ta jawo ɓarna, don a ƙarshen ƙarni na 17 an yi ta lodin ginshiƙanta a jiragen ruwa zuwa Faransa. Ita kuwa ƙofar Tarabulus, ƙasa ta binne gindinta, gidaje suka matse ta, har aka mayar da ita shago. Amfanin da jama'a ke yi da ita ne ya hana a farfasa ta, sannan Italiyawa, bayan mamayarsu ta 1911, suka tone ta suka gyara (don yayata mulkinsu, tabbas, amma aikin ya tsaya). Abin da ya raya ta hannun mutane ne.

Mai musu zai ce namu ginin ƙasa ne, damina biyu sai ya zube, don haka gara siminti. To, hasumiyar masallacin Agadas fa? Da ƙasa aka gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, tsayinta mita 27, tana nan domin ba a daina yi mata yaɓe ba, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ganuwar Kano kuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara, da ƙofofin Katsina, garin da sarautar Maraɗi ta fito, da yawa an rushe su don faɗaɗa titi, aka sa kwaikwayonsu na siminti. Ruwan sama bai yi wannan aika-aika ba. Ƙofar da aka sake da siminti sunan kawai ta gada. Tubalin da kakanni suka ɗora ya tafi ke nan.

Sarakunan gargajiya da magadan gari na jihar Maraɗi su ƙidaya tsofaffin zaurukan fada da masallatan ƙasa da suka rage, su ware kuɗin yaɓe duk shekara kafin faɗuwar damina, su kuma riƙa biyan magina da ke koya wa yara sana'ar.