Naɗin waya da lagwani: Abin da ke cikin sigarin lantarki da haɗarin da ke tattare da shi

Duk wanda ya taso a tsofaffin unguwannin birnin Bauchi, irin su Ƙofar Dumi, ya san abubuwa biyu: lagwanin fitila da ke tsotso kananzir zuwa bakin wuta, da kuma hitar dafa ruwa da ke ɗaukar zafi da zarar an jona ta. Waɗannan dabaru biyu ne aka haɗa wuri guda aka samar da sigarin lantarki, na'urar da a yau ake sayarwa a shaguna da kuma ta intanet, wani lokaci da siffar biro ko ƙaramar kwalbar turare, ta yadda iyaye kan gan ta a aljihun yaro ba tare da sun gane ta ba.

Masu sayar da ita kan ce tururin ruwa ne kawai ke fita daga cikinta. Sanin yadda ake haɗa ta ya isa ya nuna cewa batun ya wuce haka.

Asalinsa

Wani Ba'amurke mai suna Herbert Gilbert ya yi rajistar irin wannan na'ura a 1965, amma ba ta shiga kasuwa ba. Sigarin lantarki na zamani ya fito ne daga hannun Hon Lik, wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, a 2003, aka kuma fara sayar da shi a 2004. Har yanzu yawancin na'urorin a birnin Shenzhen ake ƙera su.

Yadda yake aiki

Sassa huɗu ne jigon na'urar: batir, naɗin waya wanda masu gyaran fanka ke kira koyil, lagwani, da kuma ruwan da ake zuƙa.

Ana yin koyil ɗin da siririyar waya mai jure zafi. Wadda aka fi amfani da ita ita ce Kanthal, wato gamin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, sai kuma gamin nikel da kuromiyam, irin wanda ke cikin rishon lantarki. Akan naɗa wayar sau biyar zuwa takwas a jikin wani siririn ƙarfe, sannan a zura auduga ta tsakiyar naɗin, a saki bakinta biyu cikin ruwan. Audugar ita ce lagwani. Idan aka danna maɓalli, wuta ta ratsa wayar, sai ta yi zafi cikin daƙiƙa guda, ruwan da ke jikin audugar ya koma hazo mai kama da hayaƙi.

Shi kuwa ruwan, haɗi ne na gilisarin da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, tare da nikotin da kayan ƙamshi irin na mangwaro, na'ana'a ko alewa.

Akwai na'urorin da ake yarwa idan sun ƙare, akwai waɗanda ake sauya wa koyil na kamfani, akwai kuma waɗanda mai su ke naɗa wayar da hannunsa domin samun hayaƙi mai yawa. A wannan rukuni na uku ne kuskure ya fi saurin aukuwa.

Lissafin batir

Yawancin na'urorin rukuni na uku na amfani da batirin litiyam mai lamba 18650, wanda ke ba da volt 4.2 idan ya cika. A ƙa'idar lantarki, gwargwadon raguwar turjiyar waya, gwargwadon yawan wutar da za ta ja. Koyil mai turjiyar om 1 zai ja amfiya 4.2. Idan aka yi amfani da waya mai kauri ko aka rage naɗin har turjiyar ta sauko zuwa om 0.2, abin da zai ja ya kai amfiya 21, wato ninki biyar.

Ba kowane batir ne ke iya ɗaukar wannan nauyi ba. Batiran da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka girmansu ɗaya ne da na sigarin, amma ba a ƙera su don irin wannan aiki ba. Batirin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, ko wanda rigarsa ta yage, ko wanda ya haɗu da makulli ko sulalla a aljihu, yana iya kamawa da wuta ko ya fashe. A watan Mayun 2018 wani mutum ya mutu a jihar Fulorida ta Amurka bayan na'urarsa ta fashe, haka kuma wani ya rasa ransa a Tekzas a farkon 2019. Zafin bazara na watannin Maris da Afrilu a Bauchi, musamman a cikin motar da aka rufe a rana, yana ƙara wannan haɗari.

Idan lagwani ya bushe

Aikin audugar shi ne ta riƙa sanyaya wayar da ruwa. Idan an cusa ta da yawa, ruwa ba zai ratsa ba. Idan ta yi kaɗan, ruwan zai yoyo. Da zarar ta bushe, zafin wayar kan haura, audugar ta fara ƙonewa, gilisarin da abokin haɗinsa su tarwatse su haifar da sinadarai masu guba, ciki har da fomaldihaid, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji, da akurolin mai ƙona hanyoyin numfashi.

Wayar ma ba ta tsira ba. Wani bincike da masana a Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa a 2018, bayan gwada na'urorin mutum 56, ya gano dalma da kuromiyam da nikel da manganis a cikin hazon da ake zuƙa, inda masanan suka nuna koyil a matsayin wata kafa da ƙarafan ke shiga.

Abin da aka zuba a ruwan shi ma abin dubawa ne. Daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti sakamakon ciwon huhu mai alaƙa da wannan na'ura, 68 kuma suka mutu. An alaƙanta yawancin lamarin da wani mai da aka gauraya cikin ruwan tabar wiwi da ake sayarwa a ɓoye.

Matsayin hukumomi

Hukumomin lafiya a Ingila na ganin sigarin lantarki bai kai taba sigari illa ba ga baligin da ya riga ya kamu da shan taba, amma suna gargaɗin wanda bai taɓa sha ba da kada ya fara. Ko a can, an haramta sayar da irin waɗanda ake yarwa daga 1 ga Yunin 2025. Indiya ta haramta shi baki ɗaya a 2019. A Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun hana sayar da shi, yayin da 74 ba su da wata doka a kansa.

Najeriya na da Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019, waɗanda suka haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ƙungiyoyin da ke yaƙi da shan taba na ci gaba da kiran a fito da tanadi ƙarara kan sababbin kayan nikotin.

Abin lura ga iyalai

Nikotin na sa kamu, kuma yana shafar ƙwaƙwalwa da ke ci gaba da girma har zuwa kusan shekara 25. Ruwan da ke ƙamshin alewa na iya jan hankalin ƙaramin yaro ya kurɓa, kuma kaɗan daga cikinsa na iya zame masa guba. Idan haka ta faru, ko aka ga mai zuƙa na fama da tari, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da na'urar da kwalbar ruwan domin likita ya ga abin da aka sha.