DA WANE MUDU ZA A AUNA JIN DAƊIN MAI CIWON DAJI?

'Yan'uwa manoma, mun sani idan mutum ya ce ya sami buhu ashirin na shinkafa, ba mu yi masa barka ko jaje nan take. Sai mun tambayi girman gonar, mun kuma ji abin da maƙwabtansa suka samu a wannan shekara. In sauran masu gona irin tasa a Kadawa sun sami talatin, to ya yi hasara. In kuwa goma sha biyar suka samu, ya yi abin yabo. Adadi shi kaɗai ba ya faɗin kome, sai an ajiye shi kusa da na jama'a.

Haka yake a wajen masu ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara ko kansa. A wannan fitowa muna so mu bayyana wata takardar tambayoyi da ake ba marasa lafiya a asibitoci, da dalilin da ya sa ake ba masu lafiya ita su ma.

Me ya sa ake tambayar mara lafiya?

Likita yana iya auna girman ƙari da hoto, yana iya auna jini. Amma ba shi da na'urar da za ta gaya masa ko mace tana iya daka, ko tana barci, ko kuɗin magani ya sa an sayar da awakin gida. Maganin ciwon daji kuma yana da nauyi. Allurar da ake sawa ta jijiya takan kawo amai da kasala da zubewar gashi. Gashin ƙari da na'ura yakan gajiyar da mutum. Wani lokaci ƙari yana raguwa amma mai shi yana ƙara shan wuya. Saboda haka likitoci suka ga ya kamata a riƙa tambayar mara lafiya da kansa, da tambayoyi iri ɗaya a kowane zuwa, a rubuta amsa.

Wata ƙungiyar masu binciken ciwon daji ta ƙasashen Turai, mai suna EORTC, wadda ofishinta ke birnin Brussels a ƙasar Beljiyam, ta fito da irin wannan takarda a 1993. Sunanta QLQ-C30, domin tambayoyi 30 ne a ciki. An juya ta zuwa harsuna masu yawa, ana kuwa aiki da ita a ƙasashe da dama.

Abin da ke cikin takardar

Tambayoyin sun kasu kamar haka. Akwai na ƙarfin jiki: ɗaukar kaya mai nauyi, tafiya mai nisa, tafiya 'yar kaɗan, ko sai an taimaki mutum wajen ci da wanka da sa tufafi. Akwai na aikin yau da kullum. Akwai na hankali, wato mantuwa da kāsa tattara tunani. Akwai na zuciya: damuwa, fargaba, saurin fushi, baƙin ciki. Akwai na zaman iyali da cuɗanya da mutane. Sa'an nan akwai na wahalolin jiki: gajiya, zafin ciwo, tashin zuciya da amai, ƙarancin numfashi, rashin barci, rashin son abinci, taurin bayan gida, da zawo. Akwai kuma tambaya ɗaya a kan wahalar kuɗi.

Tambayoyi 28 na farko suna da amsa huɗu: ko kaɗan, kaɗan, da dama, ƙwarai. Ana ba su lamba 1 zuwa 4. Biyu na ƙarshe suna so mutum ya ba lafiyarsa da jin daɗin zamansa lamba daga 1 zuwa 7. Yawancin tambayoyin a kan makon da ya wuce ne kawai.

Bayan haka sai a mai da amsoshin su zama maki daga 0 zuwa 100. Ga misali. Tambayoyin gajiya uku ne. A ce wata ta amsa 3, da 3, da 2. Idan an lissafta, makinta na gajiya ya kama 56. A ce kuma ta ba tambayoyi biyu na ƙarshe 4 da 4. Makinta na jin daɗi gaba ɗaya ya kama 50.

A lura da abu ɗaya. A wajen ƙarfin jiki da jin daɗi, maki mai yawa shi ne alheri. A wajen gajiya da ciwo da wahalar kuɗi, maki mai yawa shi ne wahala. Masu bincike sun nuna a 1998 cewa canjin maki 5 zuwa 10 ƙaramin canji ne a wurin mara lafiya, 10 zuwa 20 matsakaici, fiye da 20 kuwa babba.

To, 56 ɗin nan mai yawa ne ko kaɗan?

Nan ne maganar buhunan shinkafa ta dawo. Ba wanda makinsa na gajiya yake 0 kullum. Mai lafiya ma yakan gaji, yakan kwana bai yi barci ba, yakan rasa kuɗi. Tsoho mai shekara 70 ba ya tafiya kamar saurayi mai 25, ko da ba shi da ciwon daji. Idan likita ya ga maki 56 a takardar tsohuwa, yana bukata ya san makin sauran tsofaffin mata waɗanda ba su da wannan ciwo. Da haka zai gane abin da ciwon da maganinsa suka ƙara mata, da abin da shekaru da wahalar duniya suka riga suka kawo.

Domin a sami wannan mudu, sai a ɗauki takardar a kai wa jama'ar gari, maza da mata, matasa da tsofaffi, a tara amsoshinsu, a fitar da matsakaicin maki na kowane rukuni. Wannan shi ne awon jama'a. An yi irinsa a Norway a 1998, da Jamus a 2001. Mafi girma shi ne wanda aka buga a 2019, inda mutum 15,386 suka amsa a ƙasashe 13 na Turai, da Kanada, da Amurka, wajen mutum dubu a kowace ƙasa. An ga maki yana bambanta tsakanin maza da mata, tsakanin matasa da tsofaffi, har ma tsakanin ƙasa da ƙasa. Ta intanet aka yi tambayoyin, babu kuwa ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki.

Matanmu sun riga sun san wannan dabara, ko da ba su san sunanta ba. Katin awon jarirai da ake ba su a asibiti yana da layi a jiki, ana ɗiga nauyin yaro a gwada da layin. Dokta David Morley ne ya shirya irin wannan kati lokacin da yake aiki a Imesi-Ile, a ƙarƙashin asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha. Layin nan awon yara masu lafiya ne. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon layi a 2006, ta auna yara a ƙasashe shida, har da Gana, domin kada mudun ya zama na Turawa kaɗai.

Mudun Turai ba zai cika tiyarmu ba

Mu duba zamanmu a nan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka kuma ja ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, noma ya daina tsayawa da kaka. Ana gama shinkafar damina sai a shiga alkama da tumatir da albasa. Wannan albarka ce, amma jiki yana biya. Mai dashen shinkafa yakan wuni a sunkuye cikin ruwa. Ruwan da ke kwance yana haifar da sauro, zazzaɓi kuwa ba ya jiran damina. Katantanwar da ke cikin magudanan ruwa tana ɗauke da tsutsar tsargiya. Idan aka tambayi manomi mai lafiya a Dawakin Kudu ko ya gaji a makon jiya, ko bayansa ya yi ciwo, amsarsa a watan shuka ba za ta zama ɗaya da ta ma'aikacin ofis a Jamus ba. Ko a nan ma, amsar bazara dabam take da ta kaka, musamman a kan kuɗi da abinci.

Tambayoyin kansu ma sai an lura da su. Ɗaya tana tambaya a kan ɗaukar jakar cefane mai nauyi ko akwatin tafiya. Wata tana tambaya a kan karanta jarida ko kallon talabijin. A wurinmu kaya mai nauyi shi ne jarkar ruwa, ko damin dawa, ko kwandon tumatir da za a kai Kwanar Gafan. Tafiya mai nisa a wurin Bature tana iya zama abin da yarinya ke yi kullum zuwa rijiya. Sai an juya tambaya da kyau, an gwada ta a kan mutane, kafin a amince da amsarta.

An fara irin wannan aiki a ƙasarmu. A 2020 masu bincike na Jami'ar Bayero ta Kano suka buga wata takarda mai tambayoyi 12, mai suna SF-12, da Hausa, bayan sun gwada ta a kan masu ciwon baya na birni da na ƙauye. An kuma yi binciken ciwon baya a asibitin Tsakuwa, a nan ƙaramar hukumar Dawakin Kudu. Wannan ya nuna mutumin ƙauye yana iya amsa irin waɗannan tambayoyi sarai in an yi masa su da harshensa, ko da bai iya karatu ba, muddin an sami mai karanta masa.

Maganar “da sauƙi”

Akwai wani abu a al'adarmu da ke ɓata awo. Idan an gai da mara lafiya, sai ya ce da sauƙi, ko da daren jiya bai runtsa ba. Mace takan ji kunyar faɗin ciwon nono ko zubar jini a gaban mijinta ko surukarta. Namiji yakan ga faɗin zafin ciwo kamar ragwanci ne. Mu masu bi ma wani lokaci mukan ɗauka faɗin wahala rashin bangaskiya ne. Ba haka ba ne. Littafin Zabura cike yake da kukan bayin Allah, Luka mai Bishara kuwa likita ne. Gaisuwa dabam, amsa wa likita dabam. Wanda ya ce ciwonsa kaɗan ne alhali ƙwarai ne, ya hana kansa maganin rage zafi, ya kuma sa aka rubuta abin da ba gaskiya ba.

Haka kuma mai lafiya. In ya ƙara gishiri a wahalarsa domin yana tsammani za a raba taki ko kuɗi, ya lalata mudun da za a auna ɗan'uwansa mara lafiya da shi, gama za a ga kamar wahalar mara lafiyar ba ta fi ta kowa ba.

Kada mu manta da ciwon kansa

Takardar tambayoyi ba ta gano ciwon daji, ba ta kuma warkar da shi. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, Nijeriya ta sami sababbin masu ciwon daji fiye da 120,000 a shekara ɗaya, wajen 80,000 kuma suka mutu. Na nono, da na mafitsara ta maza wanda ake kira furostet, da na bakin mahaifa su ne kan gaba. Yawancin mutane sukan isa asibiti bayan ciwo ya yi nisa. Biyu kuma sun shafi manoma kai tsaye. Tsargiyar da ta daɗe ba a yi maganinta ba tana iya kawo ciwon daji na mafitsara. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna da dafi mai lahani ga hanta, balle ga mai ciwon hanta irin na B. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ciwon bakin mahaifa, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin farko.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

1. Idan ma'aikatan lafiya suka zo da takardar tambayoyi, mu nemi su faɗi daga inda suke, su bi ta wajen mai unguwa da dattawan ikilisiya. Ba a tilasta wa kowa, ba a kuma biyan kuɗi domin a amsa.

2. In mun yarda, mu ba da tsofaffi da mata dama su amsa da bakinsu. Kada maigida ya amsa wa dukan gida.

3. Mai karanta wa wani tambaya ya karanta yadda take, ya rubuta abin da aka faɗa, ya kuma riƙe asiri. Ya fi kyau mace ta karanta wa mace. Zumuntar Mata za ta iya zaɓen mutum biyu domin wannan.

4. Wanda ke karɓar magani a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, a saya masa ɗan littafi. Kowane mako a rubuta barcinsa, da cinsa, da zafin ciwo daga 1 zuwa 4, a kai wa likita ranar komawa. Ko ba a ba shi takardar Turai ba, wannan littafi zai nuna ko yana gaba ko yana baya.

5. Tambayar kuɗi tamu ce, ba ta likita ba. Mu ware wani abu daga asusun ƙungiya domin kuɗin mota, mu kuma yi wa mara lafiya gayya a gonarsa kada ya sayar da ita.

6. Ƙullutu a nono, jini a fitsari, zubar jini bayan mace ta daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa: a kai asibiti a wannan mako, kada a jira a sayar da amfanin gona.

Tambayoyi domin taron wata

A cikin membobinmu masu lafiya, mutum nawa ne za su ce sun gaji ƙwarai a makon da ya wuce? Amsar za ta canza bayan girbi? Wa zai karanta wa tsofaffinmu? Nawa za mu iya warewa a kowane buhu domin asusun marasa lafiya? Magatakarda ya rubuta abin da aka shirya, ya aiko mana kafin fitowa ta gaba. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a aikin hannuwanku.