Gasar Karta: Inda Wasa Ya Tsaya, Inda Caca Ta Fara

A Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, idan uba ya ji an ce an ga ɗansa da karta a hannu, ba ya tsayawa tambayar wace iri ce. Caca ce take fara faɗo masa a rai, kuma yana da hujja, domin kusan kowane gari akwai wanda karta ta cinye wa kuɗin amfanin gona ko jarin sana'a. Lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta kuma fara aiki a watan Janairu na 2000, caca da giya suna sahun farko na abubuwan da aka hana. Tun daga nan karta ta ƙara zama abin da ake yi wa kallon tuhuma a Zamfara.

Sai dai wayar hannu ta shigo da wata irin karta da iyaye da yawa ba su santa ba. Ba ta da sarki ko sarauniya, ba ta kuma yi kama da Whot ɗin da samari ke bugawa a majalisa ba. Hotunan dodanni da jarumai ne a jikinta, kowane kati da rubutun aikin da yake yi. Yara sun fara saninta ta zanen katun irin su Pokémon da Yu-Gi-Oh!, yanzu kuma suna buga ta a waya, tun bayan fitowar wasannin Yu-Gi-Oh! Master Duel a 2022 da Pokémon TCG Pocket a 2024. Ita ake kira katin tarawa, kuma a ƙasashe da dama ana yin gasarta da alƙalai da dokoki rubutattu da kofi.

Asalinta ba shi da nisa. A 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙiro wasan Magic: The Gathering, kamfanin Wizards of the Coast ya buga shi. Katin Pokémon ya fito a Japan a 1996, na Yu-Gi-Oh! ya biyo baya a 1999 daga kamfanin Konami. Abin da ya raba su da kartar da muka sani shi ne, a Whot kati 54 ne kawai, kowa daga ɗauri ɗaya ake raba masa. A katin tarawa kuwa katuna dubbai ne, kamfani na ƙara sababbi kowace shekara, kuma kowane ɗan wasa shi ke zaɓen nasa ya haɗa ɗaurinsa tun daga gida, ya zo da shi wurin gasa.

Nan ne ƙwarewa take, kuma nan ne ya kamata mai son shiga gasa ya ɓata lokacinsa. A Magic ɗauri ba ya gaza kati 60, kuma ban da katunan ƙasa na yau da kullum, ba a saka kati iri ɗaya fiye da 4. A Pokémon 60 ne cif. A Yu-Gi-Oh! daga 40 zuwa 60, iri ɗaya ba ya wuce 3. Waɗannan lambobi lissafi ne tsagwaronsa. A ɗauki ɗauri mai kati 60 da ake fara wasa da 7 a hannu. Idan katin da ka dogara da shi guda ɗaya ka saka, damar ya zo maka a hannun farko ba ta kai kashi 12 cikin 100 ba. Idan ka saka 4, damar ta kusa kashi 40. Shi ya sa gwanaye ba su cika ƙara ko kati ɗaya a kan mafi ƙarancin da doka ta yarda ba, don duk ƙarin da ka yi yana nisanta ka da katin da kake jira. Sabon shiga yakan cusa duk katin da ya burge shi, sai ya tarar hannunsa cike da manyan dodanni amma ba shi da abin da zai fito da su. A Magic kusan kati 24 cikin 60 na ƙasa ne, waɗanda ba sa kai hari, aikinsu kawai su ba ka ƙarfin buga sauran. Wanda ya raina su ba ya nisa a gasa.

Manufar wasan mai sauƙi ce. A Magic kowa na farawa da rai 20, a Yu-Gi-Oh! da maki 8,000, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. A Pokémon ana ware katunan lada 6, wanda ya riga kwashe nasa ya ci.

Ranar gasa, abu na farko a manyan gasanni shi ne ka rubuta sunayen duk katunan ɗaurinka a takarda ka miƙa wa alƙali. Daga nan ba canji, sai daga cikin ƴan katunan ajiya da ka rubuta tare, waɗanda a Magic da Yu-Gi-Oh! ba sa wuce 15, kuma tsakanin wasa da wasa kawai ake musanya su. Ana yawan karawa sau uku, wanda ya ci biyu shi ke da nasara, kuma a Magic minti 50 ake ba kowane zagaye. Kafin a fara ka cuɗa ɗaurinka, ka miƙa wa abokin karawarka shi ma ya cuɗa ko ya yanka. Katin da ya lanƙwashe ko yake da wata alama a baya laifi ne, ko da ba da gangan ba. Jan lokaci da gangan laifi ne. Idan gardama ta taso ba a ɗaga murya, hannu ake ɗagawa a kira alƙali, abin da ya yanke shi ke nan, sai dai a ɗaukaka ƙara ga babban alƙalin gasar.

Tsarin haɗa ƴan wasa shi ne abin da na fi so masu shirya gasa a wajenmu su ara, ko ta dara ce ko ta ludo. Mun saba da sili ɗaya ƙwale: ka faɗi sau ɗaya, ka koma ɗan kallo. Su kuwa suna amfani da tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda aka fara gwadawa a gasar ces a birnin Zurich a 1895. Ba a korar kowa. Wanda ya ci ya samu maki 3, kunnen doki maki 1, faɗuwa babu. A zagaye na gaba mai maki 3 zai haɗu da mai maki 3, wanda bai samu komai ba ya haɗu da irinsa, kuma mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu. Mutum 16 zagaye 4 ya ishe su, mutum 32 zagaye 5. A babbar gasa sai a ɗebi 8 na sama su yi sili ɗaya ƙwale. Amfaninsa a fili yake: yaron da ya biya kuɗin mota daga Maradun zuwa Mafara ba zai buga wasa ɗaya ya juya gida ba, zai buga duk zagayen, kuma da tafiya ta yi tafiya da tsararsa a ƙwarewa zai riƙa karawa.

A duniya abin ya girma. Magic ya fara gasar ƙwararru a New York a watan Fabrairu na 1996. Gasar duniya ta Pokémon an yi ta a Landan a 2022, a Yokohama a 2023, a Honolulu a 2024, kuma ana raba ƴan wasa gida uku bisa shekaru, don kada a haɗa yaro da magidanci.

To ina cacar take? A wurare uku take iya shigowa, kuma ya kamata iyaye da matasa su bambanta su.

Na farko shi ne zubi a kan wasa, wato wanda ya ci ya kwashe. Wannan ita ce cacar da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana, kuma babu saɓani a kanta. Magic ɗin farko ma da haka ya fito: kowa zai ware kati ɗaya daga ɗaurinsa, mai nasara ya tafi da duka biyun. Kamfanin ya yi watsi da wannan saboda dokokin caca, kuma a dokar gasa ta yau, yin caca a kan sakamako, ko sayen nasara da kuɗi, ko jefa kwabo don a raba gardamar wanda ya ci, duk laifuka ne da za su iya sa a kori mutum.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma a ganina shi ne ya fi haɗari ga yaranmu. Yawanci ba a sayar da sababbin katuna a buɗe. A cikin ƙaramin ƙunshi rufaffe suke zuwa, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba. Mafi yawansu katuna ne na gama-gari marasa daraja, sai jefi-jefi a dace da mai tsada. Kuma tsadar ba ta wasa ba ce: wani katin Pokémon na Pikachu da ba a buga da yawa ba, wani mai suna Logan Paul ya mallake shi a 2021 a cinikin da ya haura dala miliyan 5. Irin wannan labari ne ke sa yaro ya yi ta sayen ƙunshi bayan ƙunshi yana jiran sa'a. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan cinikin abin da mai saye bai san ko mene ne ba. A 2001 majalisar fatawa ta Saudiyya ta hana Pokémon, kuma kamanninsa da caca na cikin dalilan da ta kawo. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin bidiyo caca ne. A waya abin ya fi sauƙin kama mutum, domin wasan kyauta ake sauke shi, ana ba ka ƴan ƙunsuna kyauta har ka saba, sannan a nuna maka inda za ka biya. Uban da ya ga kuɗi na fita daga asusunsa zuwa wani wasa, wannan shi ne abin da zai fara bincika. Gwanayen wasan kansu ba su cika haɗa ɗauri ta hanyar buɗe ƙunshi ba. Katin da suke buƙata suke nema su saya a buɗe da farashi sananne, ko su yi musaya, don ya fi arha nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne kuɗin shiga gasa. Idan abin da ƴan wasa suka biya shi aka tara aka ba zakara, malamai da yawa suna ganin caca ce aka sake wa riga. Idan kuwa kyautar daga wani ta fito wanda ba ya cikin masu karawa, kamar ƙungiyar ɗalibai ko wani ɗan kasuwa, hukuncin ya fi sauƙi a wurin wasu. Akwai kuma malaman da ba su yarda da karta ba ko babu kwabo a ciki, saboda cin lokaci da shagaltarwa daga salla. Wannan ra'ayi ne mai ƙarfi a ƙasarmu, kuma wanda zai shirya gasa a Zamfara ya fara zuwa wurin malamin unguwa da mai unguwa da ƴan Hisba ya yi musu bayani tun kafin ya buga sanarwa.

Katunan Magic da Pokémon na asali daga waje ake kawo su, da dala ake sayensu, kuma jabu sun yi yawa, waɗanda ba a karɓa a gasar da kamfani ya amince da ita. Don haka matashin da ke sha'awar gasa a Mafara ko Bakura, abin da ke kusa da hannunsa Whot ne. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry Storey, shi ya ƙirƙiro ta, aka yi mata rajista a 1935, amma a Najeriya ta sami gida. Tana da wata falala a kan katin tarawa: mai kuɗi ba ya sayen ƙarfi, kowa daga ɗauri ɗaya, wato kasuwa, yake ɗiba. Rauninta kuma shi ne sa'a ta fi yawa a cikinta, shi ya sa wasa ɗaya ba ya nuna gwani. A yi uku ko biyar a kowane zagaye. Gwaninta na bayyana ga wanda ya san cewa da'ira da alwatika 12-12 ne, kuros da murabba'i 9-9, tauraro 7 kacal, katin Whot mai lamba 20 kuma guda 5, yana kuma ƙirga abin da ya riga ya sauka. Wanda ya nemi tauraro a ƙarshen wasa ya san abin da yake yi, don shi ne mafi wuyar samu. Ya kuma san idan aka zo ƙirga maki tauraro ninki biyu yake, bai kamata ya kwana a hannunsa ba.

Abin da ke ɓata irin wannan zama shi ne kowace majalisa da dokarta. An yarda cewa 2 na sa a ɗebi biyu, 5 a ɗebi uku, 8 ta tsallake na gaba, 14 ta tura kowa kasuwa. Amma ana iya kare 2 da wata 2? Ana iya rufe wasa da 20? Me za a yi wa wanda ya manta bai sanar cewa saura masa kati ɗaya ba? A rubuta amsar kowace a takarda, a karanta wa kowa kafin a raba kati. A sayi sababbin ɗauri, don tsohuwar karta kowane gwani ya haddace tabon bayanta. Alƙali kada ya buga, kada kuma ya zama yana da ƙane a cikin masu karawa idan da hali.

Wurin yi ma ba ya wuya. Akwai ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da kwalejin aikin gona ta Bakura, kuma ranar Talata kasuwa na tara mutanen garuruwan nan uku a Mafara. A fara da hantsi, a tashi idan an kira salla, a gama kafin la'asar sakaliya, saboda kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da yamma. Mutum 16 na buƙatar ɗauri 8, da takarda ɗaya ta rubuta maki, da agogo ɗaya da kowa ke gani.