Kafin ku sa hoton "sa rana" a status: ka san jinotaif ɗinka?

Ɗan uwa, bari mu fara da gwaji ɗan ƙarami. Idan aka tambaye ka jinotaif ɗinka ka ce "O fozitif", to ka faɗi. Wannan rukunin jini ne, shi ake dubawa idan za a yi maka ƙarin jini. Jinotaif daban ne: AA, AS, AC, SS ko SC. Shi ke nuna irin sinadarin himogulobin da ka gada daga mahaifi da mahaifiya, kuma shi ya shafi lafiyar 'ya'yan da za ka haifa.

Ko kai ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke wajen Kalgo, ko ke ce kike shirin aure a Gwandu bayan an gama yankan shinkafa, maganar nan taku ce. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS, kuma ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar nan duk shekara. Babu ƙasar da ta kai mu.

Me ke faruwa a jikin mai sikila? Jan ƙwayar jini mai lafiya zagayayya ce, tana kwana kusan 120 tana aiki. Ta mai SS kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsa ke yawan yin ƙasa. Idan lanƙwasassun suka toshe ƙananan jijiyoyi, sai ciwon ƙashi ya taso, irin wanda ke sa ƙato kuka.

Ga inda da yawa ke kuskure. Za ka ji ana cewa, "Ai AS da AS, ɗaya ne kawai cikin 'ya'ya huɗu zai fito da SS." Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki da nasa rabon: ɗaya bisa huɗu. Kuna iya haihuwar biyar babu SS ko ɗaya, kuna iya haihuwar uku a jere duk SS. Haɗin AS da AC ma na iya ba da SC. Kuma a inda ake yawan auren zumunci, damar a ce ku biyun kun gaji S ɗin daga kaka ɗaya ta fi yawa.

Wajen gwajin, ka kiyaye abu biyu. Na farko, idan an yi maka ƙarin jini kwanan nan, ka gaya wa mai gwajin. Jinin wani na iya rikita sakamakon, shi ya sa ake jira kamar wata uku. Na biyu, kada ka tsaya a takarda ɗaya. Ka yi a babban asibitin Gwandu ko asibitin Kalgo, ka sake yi a Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. In sun zo ɗaya, hankali ya kwanta.

'Yar uwa, ke kuma rukunin jini ma ya shafe ki. Idan naki negetif ne, na mijin fozitif, jikinki na iya yaƙar jinin jaririn ciki na gaba. Akwai allurar Anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Ki faɗa tun ranar farko ta awon ciki.

In kuma kai ne mai SS, ba ƙarshen rayuwa ba ne. Maganin folik asid na taimaka wa jiki ƙera sabon jini. Hydroxyurea na rage yawan tashin ciwon, amma likita ne ke rubuta shi, ana kuma bin sa da gwajin jini a kai a kai, domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini. Ka sha ruwa sosai, musamman a zafin Afrilu, ka kwana cikin gidan sauro. Sannan ka yi hattara da diclofenac da ake saye a kemis ba ƙa'ida: yawan shansa na ɓata ƙoda, yana sa ciki zubar jini.

A watan Mayun 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotaif. Amma gwajin da aka yi saura mako ɗaya ɗaurin aure, an kai lefe, an buga kati, wa zai iya fasawa? A nan ne wasu ke rufe ido su ce "Allah zai kiyaye". Allah na kiyayewa, amma an umarce mu da riƙo da sababi.

Don haka ka yi naka yanzu, tun ba ka da kowa a zuciya. Ranar da hira ta fara nisa a WhatsApp, ka yi tambayar. Kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan kwanan asibiti da yaro yana kiran sunanka.