JININ TUNKIYA DA BINCIKEN MAGANI

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Kontagora gabanin Babbar Salla ya san darajar rago. Ga Balami fari ƙal, ga Uda mai rabin jiki baƙi ko ja, ga 'Yankasa na gida. Mai saye nama yake dubawa, da kitse, da fata. Jini kuwa kwarara yake yi a ƙasa ran yanka. Alhali kuwa a cikin jinin nan akwai abin da masana ke nema ido rufe, kuma ya kamata jama'a su san ko mene ne.

Jikin mutum da na dabba an gina su ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yawancinsu kowace da aikinta, kuma suna tsufa su mutu. Jar ƙwayar jinin mutum, alal misali, kwana 120 ne kamar iyakarta. To, daga ina sababbi ke fitowa? Akwai waɗansu ƙwayoyi 'yan kaɗan da ba su riga sun kama sana'a ba. Su ne ke hayayyafa, su haifi irinsu, su kuma haifi masu zama jini, ko ƙashi, ko guringuntsi. Su muke kira iyayen ƙwayoyi. Babban mazauninsu ɓargo ne. A shekarar 1961 waɗansu masana biyu a Toronto ta ƙasar Kanada, Till da McCulloch, suka tabbatar da samuwarsu a ɓargon ɓera.

Me ya kawo tunkiya cikin maganar? Ɓera ya yi ƙanƙanta. Likitan da ke son gwada gyaran karaya ko gwiwar da ta cinye yana bukatar dabba mai nauyi da ƙasusuwa kusa da na ɗan Adam, mai haƙuri kuma, wadda ba ta da wuyar kiwo. Tunkiya ta cika waɗannan. Cikinta wata biyar ne, ɗan tayinta kuma babba ne, shi ya sa aka daɗe ana koyon yi wa ɗan tayi magani a jikinta.

Ɗiban ɓargo aiki ne mai zafi, sai an huda ƙashi. Jini kuwa da allura kawai ake ɗiba daga jijiyar wuya, kamar cikin cokali biyu ko uku, tunkiya ta tashi ta ci gaba da kiwonta. Wahalar ita ce iyayen ƙwayoyi ba su da yawa a jini, nemansu kamar tsintar tsakuwa ne a buhun shinkafa. Da farko ana zuba wa jinin maganin hana daskarewa. Sa'an nan a ɗora shi a hankali bisa wani ruwa mai kauri cikin kwalba, a sa a injin da ke juyawa da gudu ƙwarai. Jajayen ƙwayoyi masu nauyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini ya taso sama, a tsakani kuma a ga wani siririn fari-fari kamar yanar madara. Wannan ake tsotsewa.

Daga nan sai reno. Ana zuba su a kwanon roba da ruwan abinci, a ajiye cikin akwati mai ɗumin jiki, watau digiri 37. Kowane 'yan kwanaki a zubar da ruwan a sake sabo. Ƙwayoyin da ba a so su tafi da ruwa, waɗanda ake nema su manne a gindin kwano, su miƙe sirara kamar mazari. Ƙura kaɗan ta shiga, aikin makonni ya lalace.

Amma mannewa kaɗai ba shaida ba ce. A 2006 masana suka tsayar da sharuɗɗa uku: ƙwayar ta manne a roba, ta kasance da alamun da aka sani a bayanta, kuma in an sauya mata abinci ta iya zama ƙashi, ko kitse, ko guringuntsi. Na ukun nan shi ne gwajin gaskiya, ana kuwa tabbatar da shi da rini iri-iri.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar yara kimanin 150,000 da amosanin jini, watau sikila, kowace shekara a Nijeriya. Dashen iyayen ƙwayoyin jini daga ɗan'uwa mai lafiya yana iya warkar da cutar, an kuwa fara yinsa a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Aikin yana da tsada da haɗari, kuma sauƙaƙa shi sai da gwaji a jikin dabbobi tukuna. Jinin tunkiya ma ba baƙo ba ne a asibitocinmu: da shi ake renon ƙwayoyin cuta don a gane su, kuma daga jinin tumakin Birtaniya aka yi EchiTAb-G, maganin dafin kububuwa da aka gwada a Kaltungo.

Lalle ne a lura da abu guda. Ba a ɗura wa mutum jinin tunkiya ko ƙwayoyinta. An gwada ƙarin jinin dabba a Faransa a 1667, wani ya rasu, hukuma ta hana. Saboda haka duk mai tallar garin magani ko ƙwaya a tasha ko a waya da sunan iyayen ƙwayoyi, yana cewa tana warkar da sikila da ciwon sukari, kuɗinku yake so. Ƙwaya mai rai ba ta zama a cikin gari, ba ta kuma tsira daga ruwan ciki.

Ga makiyaya kuma: idan malamin dabbobi ya zo ɗiban jini a garkenku, ku nemi ganin takardar shaidarsa, ku tambayi dalili, ku kuma tabbata ya sa sabuwar allura ga kowace dabba. In kun gamsu, ku kama masa tunkiyar.