Tseren Motocin Daytona: Miliyoyi Sun Gani, Faifan Ya Yi Ɓatan Dabo

Daga Wakilinmu

Ran Lahadi 31 ga watan Janairu, 1960, gidan talabijin na CBS da ke Amurka ya kafa na'urorinsa a filin tseren motoci na Daytona, cikin Jihar Florida, ya yi awa biyu yana nuna wa jama'a tsere kai tsaye. Wannan shi ne karo na farko da wani babban gidan talabijin na ƙasar ya keɓe shiri sukutum saboda irin wannan tsere. Miliyoyin mutane sun kalla daga ɗakunansu. To, amma yau, bayan shekara sittin da ɗoriya, duk wanda ya nemi ya sake ganin shirin nan sai dai ya yi haƙuri, don har yanzu babu wanda ya fito da faifansa a bainar jama'a.

Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne, shekara guda kafin wannan rana, a wannan fili dai, hoton da aka adana ne ya raba wata gardama, ya mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Asalin Wannan Tsere

Motocin da ake wannan tsere da su a wancan zamani irin na kasuwa ne, wato waɗanda kowane mai kuɗi zai iya shiga kanti ya saya, sai dai makanikai su ƙara wa injin ƙarfi. Tushen abin yana jihohin kudancin Amurka, inda masu fasa-ƙwaurin barasa suka riƙa gyara motocinsu don su tsere wa jami'an haraji da 'yan sanda cikin dare. Sannu a hankali sai suka shiga gwada junansu a filayen ƙasa, jama'a na taruwa kallo kamar yadda ake taruwa a filin sukuwa.

A 1948 wani makaniki kuma direba mai suna Bill France ya jagoranci kafa ƙungiyar NASCAR don ta tsara dokokin wasan. Da farko a bakin teku ake yin tseren Daytona, rabi kan rairayi, rabi kan kwalta. Daga baya France ya gina ƙasaitaccen fili mai kewayen mil biyu da rabi, wato kimanin kilomita huɗu, aka karkata kwanoninsa kamar gefen akushi don mota ta sha kwana ba tare da ta rage gudu ba. Aka buɗe shi a 1959.

Ranar Da Hoto Ya Zama Alƙali

Ran 22 ga Fabrairu, 1959, aka yi tseren farko na mil 500 a sabon filin. Motoci 59 suka tashi, 'yan kallo fiye da 40,000 suna zaune. Bayan zagaye 200, sai ga motoci uku sun doshi layin ƙarshe kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ƙirar Oldsmobile ce mai lamba 42, Lee Petty ke tuƙa ta. Ta biyu ƙirar Ford Thunderbird mai lamba 73, Johnny Beauchamp ke ciki. Ta ukun kuwa ta Joe Weatherly ce, wanda tuni an riga an yi masa zagaye, ba ya cikin masu neman nasara, amma motarsa ta kare wa alƙalai gani.

Nan take aka ce Beauchamp ne ya ci. Aka kai shi dandalin masu nasara, aka yi ta ɗaukarsa hoto. Shi kuwa Petty ya ƙeƙasa ƙasa ya ce sam bai yarda ba, shi ya riga shiga. Da gardama ta yi tsanani, sai France ya ce hukuncin na wucin gadi ne, ya roƙi duk wanda ya ɗauki hoton ƙarshen tseren ya kawo a duba.

Kwana uku ana tattara shaida. Aka duba hoton da wani mai ɗaukar hoto, T. Taylor Warren, ya ɗauka, aka kuma kawo fim ɗin labarai na kamfanin Hearst, irin wanda ake nunawa a gidajen silima kafin a sa babban fim. Da aka bi shi daki-daki, sai ga hancin motar Petty a gaba da 'yar tazarar da ba ta kai tsawon mutum ba. Ran Laraba 25 ga wata aka soke hukuncin farko, aka ba Lee Petty nasara da kuɗinta, dala 19,050. Lalle gani ya kori ji. Da fim ɗin nan ya salwanta, da watakila sunan wani ne daban ke rubuce a littattafai har yau.

Zuwan Talabijin

Cece-kucen kwana ukun nan ya sa sunan Daytona ya cika jaridun ƙasar, kuma da shekara ta zagayo sai ga CBS ta iso da ma'aikatanta. Mai gabatar da shirin shi ne Bud Palmer, wani tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando. An nuna gajerun tsere na neman gurbin sahun gaba a babban tseren da ke tafe, sa'an nan aka nuna na ƙananan motoci, waɗanda kamfanonin Amurka suka fara fitarwa a lokacin. A nan ƙirar Valiant ta kamfanin Chrysler ta yi wa Ford Falcon da Chevrolet Corvair fintinkau, ta kwashe matsayi na ɗaya har zuwa na bakwai, Marvin Panch na kan gaba.

Mako biyu bayan haka, ran 14 ga Fabrairu, Junior Johnson ya ci babban tseren mil 500 na wannan shekara. Shi kansa tsohon mai fasa-ƙwaurin barasa ne, har ya yi zaman kurkuku a kanta. Motarsa ba ta kai na abokan karawarsa gudu ba, amma ya gano cewa in ya liƙe wa bayan mota mai gudu, ita za ta tsaga masa iska, ta ja shi. Har gobe direbobi na amfani da wannan dabara. Ke nan shirin na CBS ya kama wasan ne daidai lokacin da yake sauya kama, abin da ya sa masu bin tarihinsa ke jin zafin rashin faifan.

Yaya Aka Yi Ya Ɓace?

Mai karatu zai yi mamakin yadda babban kamfani zai yi sakaci da irin wannan abu. Amsar tana cikin yadda ake aikin talabijin a wancan zamani. Shirin kai tsaye iska yake bi, da ya wuce ya wuce ke nan, sai in an ɗauke shi da gangan. Hanya ta farko ita ce a kafa kyamarar fim a gaban akwatin talabijin ta riƙa ɗaukar abin da ke fitowa. Ta biyu ita ce faifan bidiyo mai faɗin inci biyu, wanda kamfanin Ampex ya fito da na'urarsa a 1956.

Gidajen talabijin sun karɓi faifan bidiyo ne don wata buƙata ta yau da kullum. Tsakanin New York da California akwai bambancin awa uku, saboda haka akan ɗauki shiri a gabas, a sake nuna shi a yamma in lokacinsu ya yi. Da an gama, aikin faifan ya ƙare. Ga shi da tsada, na awa ɗaya ya kai ɗaruruwan daloli, ga nauyi, ga cin wuri. Bugu da ƙari, ana iya goge shi a ɗauki wani abu a kai, abin da ba ya yiwuwa da fim. Wasanni kuwa su aka fi rainawa, don a ganin manajojin lokacin, babu mai son kallon tseren da ya riga ya san wanda ya ci.

Ba tseren motoci kaɗai wannan ɗabi'a ta cinye ba. A 1967 CBS da NBC duka sun nuna wasan ƙarshe na farko na ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wanda ake kira Super Bowl, amma duka biyun suka goge faifansu. A 2009 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar da cewa ainihin faya-fayan da suka ɗauki hoton saukar ɗan Adam a kan wata a 1969 an goge su an sake amfani da su. In har takun farko a kan wata bai tsira ba, ina ga tseren ƙananan motoci?

Abin Da Aka Adana

Don a gane girman hasarar, sai a dubi tseren Daytona na 18 ga Fabrairu, 1979, wanda CBS ta nuna kai tsaye tun daga tashi har ƙarshe, karo na farko ga tseren mil 500. A ranar, dusar ƙanƙara ta tsare mutanen gabashin ƙasar a gida, suka zuba wa talabijin ido. A zagayen ƙarshe Donnie Allison da Cale Yarborough, waɗanda ke kan gaba, suka yi karo suka faɗa gefe. Richard Petty, ɗan Lee Petty, ya wuce ya ci. Can gefe kuma dambe ya kaure tsakanin Yarborough da 'yan gidan Allison, kyamara na ɗauka. An adana wannan faifai, kuma har yau ana maimaita shi, yaran da ba a haifa ba a lokacin sun san shi sarai. Na 1960, wanda ya share masa hanya, sai dai a karanta labarinsa a tsofaffin jaridu.

Duk da haka masu nema ba su fid da rai ba, kuma suna da hujja. Shahararren mawaƙin nan Bing Crosby yana da hannun jari a ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta wasan ƙwallon da ake bugawa da kulki. Ranar wasan ƙarshe na gasar 1960 fargaba ta hana shi kallo, ya tafi birnin Paris, amma ya sa aka ɗaukar masa wasan a fim. Kowa ya ɗauka hoton wasan ya ɓace, sai a 2009 aka tsinci fim ɗin a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gidansa, lafiya lau. Haka ma wani kwafin Super Bowl na 1967 ya ɓullo daga rufin ɗakin wani gida a Jihar Pennsylvania.

Sai dai lokaci ba ya jira. Faifan bidiyo in ya tsufa yakan yi danƙo ya manne, fim kuma yakan ruɓe, na'urorin da ke karanta faifai mai inci biyu sun yi ƙaranci ƙwarai, haka ma masu iya sarrafa su. In akwai kwafin shirin Daytona na 1960 a akwatin wani tsohon ma'aikaci, to sai in magadansa sun buɗe sun duba kafin su kai shi juji.