Tsibirin da Labarin Kakanni Ya Cece Shi

Ran Litinin 26 ga Disamba 1904 ba mu da labarinta, amma ran Lahadi 26 ga Disamba 2004 duniya ba za ta manta da ita ba. Kashegarin Kirsimati ne. Wajen ƙarfe takwas na safe ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya. Ƙarfin girgizar ya kai 9.1 a ma'aunin masana. Kafin rana ta faɗi mutum wajen 230,000 sun hallaka a ƙasashe 14.

Me ya kawo wannan? Masana sun nuna mana cewa ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Manya-manyan falalen duwatsu ne suna goga juna a hankali, kamar yadda farce yake tsiro. A gaɓar Sumatra wani fale yana kutsawa ƙarƙashin wani. Sukan cije shekaru ɗaruruwa, sa'an nan rana ɗaya su kuɓuce. A ranan nan tsagar ta fi kilomita 1,000. Gindin teku ya ɗaga, ruwa ya tashi yana gudu kamar jirgin sama. Wannan igiyar ruwa ita ake kira sunami. Ta isa birnin Banda Ace cikin kamar minti 20, ta kai Siri Lanka bayan sa'a biyu, ta kuma kashe mutane har a Somaliya.

A wurare da dama teku ya fara janyewa ne tukuna, ya bar kifaye a kan yashi. Mutane suka ruga kallo da tsintar kifi. Nan ruwan ya komo ya same su.

Amma akwai wani tsibiri, Simeulue, dab da inda girgizar ta tashi. Mutanensa wajen 78,000 ne, bakwai kaɗai suka mutu. Ba su da na'urar gargaɗi ko ɗaya. A 1907 irin wannan ruwa ya taɓa cinye kakanninsu da yawa. Waɗanda suka tsira suka sa masa suna "smong", suka riƙa faɗa wa 'ya'yansu cikin labari da waƙar reno cewa in ƙasa ta girgiza ƙwarai, teku kuma ya janye, a bar kome a hau tudu. Shekara 97 uwaye suna maimaita wannan ga yaran da ba su taɓa ganin abin ba. Da ranar ta zo, gari duka ya hau tudu.

Kada mu ce abin na nesa ne. Birnin Ankara na ƙasar Ghana, inda 'yan'uwanmu Hausawa da yawa suke zaune, yana kusa da wasu tsagogin ƙasa. Girgizar ƙasa ta yi masa ɓarna a 1862, ta sāke a 1939, inda mutum 17 suka rasu.

Kada kuma mu ce waɗanda suka mutu sun fi mu zunubi. Cikin Luka sura 13 Ubangijinmu Yesu ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu. Ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya kuma kira masu jinsa su tuba. Namu shi ne mu yi wa masu makoki addu'a, mu taimaka, mu zauna a shirye.

Tun 2006 an kafa na'urorin gargaɗi a Tekun Indiya, mun gode wa Allah. Duk da haka mutanen Simeulue sun bar mu da tambaya. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To, iyaye, me muke faɗa wa 'ya'yanmu da dare bayan tuwo? Wataƙila yau suna ji suna gyangyaɗi. Mu ci gaba da faɗa musu Maganar Allah da abin da muka gani a rayuwa. Ran da ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu, abin da muka koya musu shi za su tuna.